Kujerar da Ta Ƙi Kwanciya

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Kai mai leƙen littafin tsofaffi, tunda ka buɗe ba a sa ka ba, sai ka amsa kafin ka wuce. In ina tsaye tana kwance. In ina zaune tana tsaye. Ranar da na kwanta kuma, ita za a tayar ta zaunar da ni. Mece ce? Kar ka yi saurin cewa ka sani, je ka sha ruwa tukuna.

Nas ɗin asibiti ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta abin da na ci da lokacin da ciwo ya motsa. Na ce, 'yar nan, aji huɗu na yi a makarantar mishan, kuma ban sha bulalar koyon rubutu don in ƙare a lissafin cokalin koko ba. Abin da na ga dama zan rubuta.

Ni ce Oforiwaa, wadda ta tsufa a kan busasshen kifi a kasuwar Bantama. Lafiyata ƙalau. Akwai dai wani ɗan haya da ya tare mini a ƙugu tun bara. Likita ya kira sunansa da Turanci, ni ban riƙe ba.

Damuwata jikata ce, Afrakoma. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata. Shekaru ta yi a wata maɗaba'a a Asafo tana tsara fastar mamata a kwamfuta, kuma duk Kumasi babu mai gyara mamaci kamarta. Tsoho ya mutu da haƙori biyu, ta cika masa baki, ta sa masa gajimare a baya, matarsa ta gani ta ce ashe haka na yi asara. Ni kuwa ina gefe ina jiran layina. Har hoto na ware, wanda na ɗauka da zanin kente ranar bikin uwarta.

To, makon da muka dawo daga wajen likita, makon ta ajiye aikin.

Yau na ce, "Uwata, fastata fa?"

Ta ce, "Nana, sha kokonki zai huce."

"So nake in gani da idona. Kar bayan raina a liƙa mini hancin wata."

"Na bar aikin matattu."

"To ai ban mutu ba. Shi ya sa nake ba ki tun da wuri."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Kokon ma ya huce.

Laraba, 5 ga Yuni, da yamma

Yanzu Magazin take zuwa, cikin 'yan walda da masu fasa motoci. Yarinyar da ke fita da farin siket tana dawowa da ƙamshin takarda, ga ta nan tana shigo mini da warin baƙin mai, yatsa ɗaya a naɗe.

Na ce ta yi mini bayanin sabon aikin. Wai kafin masana'anta ta ƙera bokiti dubu, akwai wanda ke zama ya yanke yadda bakinsa da hannunsa za su kasance, to shi take so ta zama. Na ce, bokiti ai tun kafin a haife ki yana da hannu. Ta ce ta gaji da zanen abin da za a manna a bango ruwa ya jiƙe akuya ta cinye. Abin da mutum zai riƙe take so ta yi.

Akwai wani kamfani a Tema da zai ɗauki mai koyo guda. Sun ce kowa ya kawo abu ɗaya da ya ƙera. Ita kujera za ta yi, mai tayar da tsoho in ya kasa miƙewa.

Na ce, "Wane tsohon?"

Ta kau da kai. Ashe ranar Lahadi ta gan ni ina kokawa da ƙyauren ɗaki don in miƙe.

Alhamis, 6 ga Yuni, da safe

Ruwa aka kwana aka wuni. Lafiyata ƙalau.

Asabar, 8 ga Yuni, da rana

Konadu ta bugo waya daga Italiya. Ita ce uwar yarinyar, 'yata ta fari, mai faɗa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta ce, Maame, kina zaune kina kallo ta zubar da aiki mai albashi ta koma cikin 'yan bola? Na ce, ni da nake zaune ai shi ne matsalar, da ina iya tashi da na bi ta. Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi ɗan hayan nawa, na ce layin ba kyau.

Yau Asabar, gari duk jana'iza. Daga tagata ina ganin masu ja da baƙi suna wucewa. An manna sabuwar fasta a jikin falwayar ƙofar gida, wata tsohuwa ce, an yi mata fuska kamar an goge ta da dutsen guga. Ba aikin Uwata ba ne. Haka za a yi mini.

Talata, 11 ga Yuni, da hantsi

Kujera ta iso. Ƙarfe ce, da wani sifirin da aka ciro daga tsohuwar mota. Na ce baƙo shi ke fara cin abinci, don haka maƙwabciyata Dufie ta fara hawa. Tare muka girma da Dufie, kuma duk abin da ba a biya ita ce ta farko a layi.

Ta zauna, ta gyara zani, ta ce, "Yauwa, 'yata, ina zan taɓa?"

Ta taɓa. Sai ga Dufie a kan turmi, ɗankwali a gabas, takalmi a yamma.

Ta ce, "Oforiwaa, jikarki ta rasa masu fasta ne take so ta samar wa kanta?"

Na yi dariya har ɗan haya ya farka ya tuna mini yana nan. Uwata ba ta yi ba. Ta durƙusa tana duba sifirin, tana rubuta wani abu a bayan hannunta.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

An daka fufu da romon kaza. Loma biyu. Na ce gishiri ya yi yawa. Gishiri bai yi yawa ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, bayan an taso coci

Ban je ba. Fasto ya aiko da gaisuwa. In fasto ya fara aiko maka da gaisuwa gida, ka duba kanka.

Na sake yi wa Uwata zancen fasta. Na ce fari da baƙi nake so mutane su sa, ba ja ba, don na ci shekaruna. Na ce a rubuta mai kifi, kar a rubuta 'yar kasuwa, kowa ya san ni da kifina. Tana fiƙe fensir, ta ci gaba da fiƙewa har ya ƙare a hannunta.

Laraba, 19 ga Yuni, da la'asar

Ta gyara kujerar. Gaskiya ɗaya ce, yanzu a hankali take ɗaga mutum, kamar hannun ɗa mai ladabi. Ta yi mata gindi mai faɗi da nauyi, ko rago ya tunkuye ta ba za ta motsa ba. Ta roƙi 'yan zumuntar mata su zo su gwada, don ta ɗauki hotonsu ta kai Tema.

Sun zo su biyar da Dufie. Kowacce ta zauna, ta tashi, ta ce kai, Allah ya yi albarka. Sai kuma hannun kowacce ya tafi da kansa zai kwantar da kujerar, yadda muka saba. Mu dai ba ma barin kujerar mutum a tsaye babu kowa a kai, kada wani abu mai wucewa ya samu wuri ya zauna wa mai ita a kan kurwa. Wannan ko jaririn Asante ya sani. Suka tura, ta ƙi. Mata biyu suka haɗu, ta ƙi. Suna cikin haka mazauninta ya ƙarasa ɗagowa shi kaɗai, a hankali, har da ɗan nishi.

Dufie ta ja da baya ta ce, "Yesu! Wa ya tashi daga kai?"

Shugabar zumunta ta ce mu Kirista ne, ba mu yarda da camfi ba. Tana faɗa tana neman jakarta. Ko lemon da aka saya musu ba su shanye ba.

Da suka watse na ce, "Uwata, boko ya cinye miki kai ne? Kin manta ana kwantar da kujera?"

Ta ce, "Ban manta ba, Nana. Da gangan na yi."

"Don me?"

"Na gaji da in shigo gida in ga kujerarki a kwance."

Ina da amsar kowace magana a duniyar nan, kasuwa ta shaide ni. Wannan ban samu ba.

Alhamis, 20 ga Yuni, da safe

Lafiyata ƙalau.

Litinin, 24 ga Yuni, da hantsi

Ta tafi Tema. Ƙarti uku suka ɗora kujerar a kan mota, direba na zagin uwar wanda ya ƙera ta, bai san ga ta nan tsaye ba. Dufie ce ke kwana da ni. Munsharinta ma magani ne, mutum ba ya samun sukunin tunani.

Alhamis, 27 ga Yuni, da yamma

Ta dawo. Kujerar ma ta dawo.

Ban tambaya ba. Na ba ta labarin yadda kazar Dufie ta shiga cocin 'yan tafi ta ƙi fita, ta yi murmushi don ta faranta mini. Can da ta gama wanke ƙafa ta ce, "Sun yaba zanen. Kowa sai da ya zo ya kalli takardun."

Na ce, "To?"

"Sun ce abin ya yi nauyi, ya yi tsada, injinsu ba zai iya fitar da shi ba. Babbansu ya ce har yanzu idona na takarda ne. Ya ce in ina so in riƙa yi musu fastar talla."

Na ce a kawo mini mutumin in nuna masa ido. Ta kwantar da kanta a cinyata, kan nan duk ƙurar hanya. Ya yi mini nauyi a ƙugu. Ban ce ta ɗaga ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Ba zan rubuta abin da ya faru a banɗaki ba.

Lahadi, 30 ga Yuni, da rana

Abin da zan rubuta shi ne kujerata ta tsage. 'Yar tsugunnon da marigayi mijina Boahen ya ba ni ranar da na tare, wai don in zauna in daɗe. Na zauna, na daɗe, shi ne ya tafi. A kanta nake wanka, a kanta na yaye 'ya'yana, a kanta na yi niyyar a yi mini wankan ƙarshe yadda muka yi wa mahaifiyata, ba a shimfiɗe ni a kan teburin asibiti kamar kifin da za a fere ba. Yanzu ta rabu biyu, ba mai zama a kai, rayayye ko waninsa.

Uwata ce ta ɗauko ni daga ƙasan banɗakin. Ban san yarinyar nan tana da ƙarfi haka ba. Ko kuma ni ce babu nauyi.

Talata, 2 ga Yuli, da hantsi

Ta ɗora ni a kan kujerar ƙarfen. Ta ce, Nana, a hankali, ina riƙe da ke. Ta taɓa. Kujera ta ɗaga ni tsaf har na ga saman katanga da gwandar gidan Dufie. Sai ƙafafuna suka ce su ba da su aka yi shawarar ba.

Muka sake. Muka sake.

Kujera ta yi aikinta. Ni ce ban yi nawa ba.

Laraba, 3 ga Yuli, da safe

Lafiyata

Juma'a, 5 ga Yuli, da yamma

Na ji ƙamshin guga. Na leƙa, farin siket ɗin nan ne a kan tebur. Mai maɗaba'a ya kira ta, ya ce tun da ta tafi iyalan mamata ke dawo masa da aiki, in tana so ta koma ran Litinin.

Ta shigo da kwamfutarta ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Na yi miki, Nana. Duba."

Kai! Ga ni nan da kentena, kumatu cike, ga haske ta bayana kamar ni na ƙirƙiro safiya. Ta rubuta mai kifi. Har 'yan kifaye ta jera a gefe, ƙanana, sai ka lura za ka gan su. Wajen kwanan wata ta bar shi fili. Duk Bantama ba a taɓa manna irinta ba.

Abin da na yi wata guda ina naci ke nan. Na ɗaga ido in yi godiya, sai na ga fuskarta. Na wanke gawa da yawa a cikin dangi, na san fuskar da mai ita ya riga ya fita.

Na ce, "Wannan hancin na wa ne?"

"Naki ne, Nana."

"Ƙarya. Hannunki ya lalace. Walda ta ɓata ki, ba ki iya fasta ba yanzu. Kar ki je ki kunyata ni a Asafo."

Ta tsaya tana kallona.

Na ce, "Aikin da nake da shi ba na takarda ba ne. Kujerar wanka nake so. Wadda za ta riƙe mutumin da ba ya iya riƙe kansa. Ki yi ta da kyau, don wanka iri biyu za ta yi, na yanzu da na ranar."

Ta rufe kwamfutar da ƙarfi har na ce ta fashe. Ta ce, "Ke komai wasa ne a wajenki! Komai!" Muryarta har gidan Dufie. Tun tana cikin zani ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Ba wasa nake ba. Ban dai iya faɗar magana ta wata hanyar ba.

Asabar, 6 ga Yuli, da rana

Ba ta yi mini magana. Tana kawo koko, tana juya ni, tana fita. Siket yana nan a rataye.

Lahadi, 7 ga Yuli, da yamma

Yana nan a rataye. In ta sa shi gobe, ni na jawo. In ba ta sa ba, ni na raba ta da abinci. Konadu ta bugo, ban ɗauka ba.

Litinin, 8 ga Yuli, da hantsi

Ta shigo da tsohon wandonta na Magazin, da awon tela a wuya. Ba gaisuwa.

Ta zaunar da ni a bakin gado ta jingina ni da ƙirjinta. Ta auna daga ƙugu zuwa hammata, daga hammata zuwa ƙeya. Ta ce, "Matan da ke wankan, ina suke tsayawa?"

Na ce ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma ta bayan ita ke shan wahala, don kai ba ya tsayawa. Ta rubuta a hannunta.

Ta ce, "Saki jikinki. Kina taimaka mini, ba na so."

"Na saki."

"Ba ki saki ba. Gaba ɗaya nake so. Kamar..."

"Kamar me?"

"Kamar kina barci."

"Uwata, mai aiki ba ya tsoron sunan aikinsa. Faɗi."

Na ji numfashinta a bayan kunnena. Ta ce, "Kamar kin mutu, Nana."

Sai na saki. Na langaɓe kai, na zaro harshe, na juya ido ɗaya sama. Dariya ta ƙwace mata, ta ce Allah ya shirye ki tsohuwar nan, dariyar kuma ta juye ta zama wani abu. Ban mayar da harshen da wuri ba, don in ba ta lokaci. Ruwa na sauka a wuyana, tana ta awo. Ba ta tsallake ko gaɓa ɗaya ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Mai maɗaba'a ya ɗauki wani. Tema shiru. Konadu ta ce da ni da jikata duk kanmu ɗaya, ta sayi tikiti tana tafe ƙarshen wata. Na ce ta taho a hankali. Ban ce ta yi sauri ba. Ya kamata in ce.

Asabar, 13 ga Yuli

Ɗan haya ya kawo iyalinsa.

Talata, 16 ga Yuli, da rana

Hannuna na rawa, ka yi haƙuri da rubutun.

Ta kawo ta jiya. Farin itace, marar nauyi, mazauninta a lanƙwashe irin namu na gado. Tana da majingina har ƙeya, da wani ɗan lungu da kai ke faɗawa ya tsaya. Ta ratsa zani mai laushi ta ƙarƙashin hammata. Ta huda ƙananan ramuka don ruwa ya wuce. Ba fenti, ba ado. Na ce, ko ɗan gajimare ba za ki sa mini ba? Ta ce a'a.

Dufie ta zagaya ta, ta zagaya, ba ta ce komai ba. A wajen Dufie wannan yabo ne.

Ta yi mini wanka a kai. Ruwan ɗumi, sabulun salo, soso sabo. Ban riƙe komai ba, ban taimaka ba, ban zame ba. Rabona da in ji ruwa ya bi bayana ba tare da tsoro ba tun kafin Ista. Na ce ta kira Dufie ta koya mata inda ake ɗaure zanin, don ranar ba ita za a bari ta yi ba, jika ba ta shiga. Ta ce ta riga ta koya mata.

Na ce, "To ke me za ki ci, Uwata? Ba Asafo, ba Tema."

Ta ce, "Ban sani ba, Nana."

Ni ma ban sani ba. Kuma ba zan ga amsar ba, wannan shi ne abin da ke hana ni sakewa, ba ƙugu ba.

Ta mayar da ni gado ta shafa mini man kaɗe. Ta koma ta tsane kujerar da tsumma, ta tsaya a kanta jim, sannan ta sa hannu ta kwantar da ita a gefenta, a bakin ƙofa inda zan riƙa gani.

Kai mai leƙe, in har yanzu kana nan: kujera ce. Jikata Afrakoma ce ta ƙera ta. Yanzu mu biyun a kwance muke, kuma ita za ta riga ni tashi.